Ƙwayar Raguna

Gumel, farkon Agusta

Zuwa ga Adda Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwar ƙani, tare da tambayar lafiyarki da ta maigida da yara, da yadda damina ta same ku can wajen Dungas. Waya ba ta shiga rugarku, iyaka kuma a rufe take, shi ya sa na ba Manu mai babur wannan takarda, tunda shi ya san hanyar daji.

Maganar ƙanwarmu Ummulkhair ce. Gyambon bakin nan da kika bar ta da shi da azumi, wanda muka ɗauka zafin ciki ne, bai tsaya a baki ba. Ya sauko ƙirji da baya. Fatar takan tashi ta ɗuri ruwa kamar ƙuna, ta fashe, ta bar jan nama a fili. In ta kwanta, zane mannewa yake a jikinta, sai an jiƙa shi kafin a ɗaye. Ko kunu ba ya wuce mata sai ya huce sarai. Matan unguwarsu a Maigatari sun daina shiga ɗakin, an ware mata kwano da moɗa. Wasu sun ce sammu ne, wasu sun faɗi abin da ba zan rubuta ba.

Na roƙi mijinta Sajo ya bar ni in kai ta Kano. Ya yarda, amma bai bi mu ba. Tafiyar ta faɗo ranar Alhamis, ranar kasuwar dabbobi, ya ce ba ya barin ragunansa a kara a hannun kowa.

Likitar fata ta yanki ɗan wuri aka auna. Ta ce sunan ciwon femfigus, kuma ba a ɗaukarsa. Garkuwar jikinta ce ta ruɗe take cin abin da ke riƙe fata. Ba ya warkewa fes, amma ana danne shi. Ta rubuta wasu ƙananan ƙwayoyi farare, ta ce fuska za ta kumbura, kada mu tsorata. Sannan ta dube ni ta ce, "Malam, ko me ake ciki, kada a yanke mata maganin nan farat ɗaya. Jiki sabawa yake da shi. Mu ne za mu riƙa ragewa kaɗan-kaɗan." Na sa ta maimaita, na rubuta a littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana, don kin san ni, ba na yarda da kaina.

Duk wannan na faɗa wa Sajo a ƙofar gidansa. Ina magana yana duba haƙoran wani rago. Ya ce to. Ban sani ba ko ni ya ce wa ko ragon.

Ki sa ta a addu'a. Matata Sumayya tana gaishe ki.

Ƙaninki,
Ilu

Gumel, ƙarshen Satumba

Adda,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya.

Maganin ya yi aiki, Adda. Gyambunan sun bushe. Na ga Ummulkhair da idona tana cin tuwon gero da miyar kuka har tana suɗe kwano. Fuskar ta cika kamar yadda aka faɗa, ƙafafun suka sirance. Ita kanta dariya take. Ta ce mini, "Hamma, kalle ni, na zama matar ɗan kwangila."

Dariyar ba ta tsaya a cikin gida ba. Matan da suka guje ta suka dawo leƙe, suka fita da labarin wai ƙwayar ƙiba take sha. Maganar ta kai kara. Manu ya ce a gabansa wani dillali ya ɗaga murya ya ce, "Sajo, ashe kiwon ya kai har cikin ɗaki? Wace Alhamis za a fito mana da ita?" Aka yi ta shewa.

Ranar Sajo ya shiga ɗaki ya ce a nuna masa maganin. Da ya gani sai ya aiko a kira ni. Na bar ma'aunin riɗi a wurin aiki na hau mota. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Malam Ilu, kai awon riɗi ka sani, ni dabba na sani. Wannan ƙwayar raguna ce. Irinta ake jefa musu a dusa su cika ido kafin kasuwa. Dubi fuskarta, dubi ƙwaurinta. Ruwa ne, ba nama ba. Matata za ku mayar mini tunkiyar kasuwa?"

Na ce masa wataƙila danginsu ɗaya, amma wannan likita ce ta auna ta rubuta. Na buɗe littafina zan karanta masa gargaɗin. Ya ce in rufe, ba makaranta muke ba. Ya juye ƙwayoyin a masai ina tsaye. Sannan ya ce, a gabanta, in ta sake haɗiyar ko guda, a bakin aurenta.

Tun daga nan nake juya abin. Da na fara da cewa ƙarya ne, ba iri ɗaya ba ne, wataƙila da ya saurara. Amma ban san ƙarya ba ne, kuma ban iya faɗin abin da ban tabbatar ba. Da wani yayan ne, da ya ɗaga murya. Ni takarda na buɗe.

Washegari na sayo wani na koma, na jira ya fita. Ta ƙi karɓa. Ta ce, "Hamma, in na sha, ina zan kai yaran nan? Wa zai karɓe ni da wannan jikin? Ka bar shi, ai na ji sauƙi." Tana maganar tana dafe bango. Jiya aka ce mini ta fara amai, ba ta iya tashi alwala, kuma baki ya sake fashewa. Na nemi in ɗauko ta zuwa Gumel, Sajo ya ce sauran dafin ƙwayar ne ke fita.

Adda, ke kaɗai Sajo yake jin nauyi. Ɗan Kawu ne, ke kika goya shi, har yau ba ya haɗa ido da ke. Ki hau bayan Manu ki zo. Ba sai kin fahimci maganin ba. Ki ce masa ya janye rantsuwar kawai.

Ina jira.

Ilu

Gumel, Oktoba

Zuwa ga Adda Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Allah ya ba mu jure wannan rashi, ya jiƙan ta, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi. Na san saƙon baki ya riga wannan takarda isa, amma akwai abin da ba zan ba Manu ya faɗa ba.

Ƙullin sassaƙen da kika aiko ya iso, da saƙonki cewa za ki zo in an gama yankan gero. Yana nan ban kwance ba.

Ranar da ta faɗi a bakin murhu ne Sajo ya yarda a kawo ta asibiti. Likitan da ya karɓe mu ya tambayi wane magani take sha. Da na faɗa masa, da yadda aka yanke, sai ya ajiye biro ya dube mu. An sa ruwa, an yi allurai, amma jini ya riga ya yi ƙasa, gyambon baya kuma ya ruɓa. Kafin la'asar, Ummulkhair ta cika.

Sumayya ce ta yi mata wanka. Ta ce ba a iya cuɗawa ba, fatar biyo hannu take. Malam ya ce a zuba ruwa kawai, hakan ya isa.

Sajo ya yi kuka, kuka na gaske, ban ƙwace masa wannan ba. A wurin zaman makoki yana ta gaya wa mutane ƙwayar asibiti ce ta cinye ta, da ya sani da tun farko bai bari an je Kano ba. Suna gyaɗa kai. Ina zaune a gefen tabarma ina ji. Ban ga wanda zan gaya wa ba.

An shirya za a yi sadakar bakwai a gidana, tunda nan dangi suka taru. Shekaranjiya sai ga shi da kansa a bayan a-kori-kura, da rago fari, ƙato, wuyansa kamar turmi. Ya ce na sadaka ne, ba ya so a ce an yi wa uwar 'ya'yansa abin kunya. Na yi godiya. Muka ɗaure shi a gindin darbejiya.

Har ya juya zai tafi, sai ya dawo yana laluben aljihu. Ya ciro ɗan ƙullin leda ya sa mini a hannu. Ƙwayoyi ne ƙanana, farare.

Ya ce, "Af, na kusa mantawa. A riƙa jefa masa a dusa kowace safiya har ranar yanka. Kada a yanke masa, Malam Ilu. In aka yanke musu farat ɗaya, faɗuwa suke."

Na dube shi, Adda. Na daɗe ina dubansa, ina jira ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Ya gyara hula, ya ce a gaida mutanen gida, ya shiga mota.

Ragon yana nan lafiya lau. Yau da safe ma na ba shi.

Ki zo in kun gama yankan geron.

Ƙaninki,
Ilu