Hantar Kawu Mani

Assalamu alaikum, Yaya Bello.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin mayanka, ya zaman Ikko? Ya mai ɗakinka da yara? Mu nan Mafara lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, kaina ya ɗaure. Tun zaɓen gwamna na daina aika wa Kawu Mani na Bakura hantar da marigayi Baba ya saba aika mishi kowace Talata, don ya tsaya gaban mahauta ya ce jam'iyyarmu ta mutu. Mu muka ci shugaban ƙasa, su suka ci gwamna, kowa ya riƙe fushinsa.

To jiya da safe sai ga sabon hoto manne a rumfata: ɗan takararmu da nasu suna dariya, hula iri ɗaya. Wai sun koma jam'iyya guda. Na ce wa Sarkin Fawa, "Ranka ya daɗe, yanzu mu 'yan ina ne?" Ya ce, "Wallahi Lawali, ni ma rediyo nake jira."

Na ware hantar, na naɗe ta a takarda, na tsaya tasha har motar Bakura ta cika ta tashi, ban miƙa wa direba ba. In na aika, ba zai ce na faɗi ba? To wa ma ya ci?

Ka ba ni shawara, ka sa mu addu'a, ka gai da mutanenmu na can. Inna ba ta ce komai kan ƙanenta ba, amma tun zaɓen ba ta sake cin hanta ba.

Ƙanenka,
Lawali