Hoton Malam Usmanu da Kofin Tanis

Jurf, Madina

Zuwa ga Kawu Rabo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da dukkan dangi na Damagaram. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, in ban da Kaka Tasallah da jikinta ya yi rauni tun bayan sallah, kuma a kanta nake rubutowa.

Ka san tun da na kammala digirina na tarihi na ƙudiri aniyar yin tahaƙiƙi, wato bincike, a kan mahaifinta, Malam Usmanu, wanda aka rene mu da labarin ya taka daga Damagaram zuwa Hijaz da allonsa kawai. Akwai shekaru tara na zamansa a Bur Sudan da kowa ke tsallakewa, ni kuwa na cike giɓin da hujjoji. A taskar hotunan wani tsohon kulob na Turawa na same shi, da sunansa da tsagen kuncinsa. Ya fara da daddaɓe filin tanis, ya koyi wasan da kallo, har ya gagari hafsoshin da suka ɗauke shi aiki. A 1927 ya ci kofin garin a wasan bibbiyu, abokiyar wasansa kuwa Baturiya ce, matar wani jami'i. A hoton suna riƙe da kofin tare, kanta babu lulluɓi, shi kuma yana dariya.

Ranar saukar Alƙur'ani da ake yi masa kowace shekara, majalisi ya cika da dattawan unguwannin Ranuna da Aƙiƙ. Ana zuba gahawa na miƙe na gabatar da muhadara ta kusan rabin sa'a, sannan na ba da hoton a zagaya da shi. Na yi tsammanin yabo. Liman ya duba ya kife shi a kan tabarma, Haisam ɗan gwaggo ya raɗa mini da Larabci cewa wannan aibi ne, in zauna. Kafin a raba dabino hoton ya riga ya kai ɓangaren mata.

A ilmance ban yi kuskure ko ɗaya ba, kuma har gobe ina kan haka. Abin da ban sani ba shi ne Kaka ta san komai. Ta gaya wa ƙanwata Sundus cewa da bakinsa ya ba ta labarin a jinyarsa ta ƙarshe, ya roƙe ta kada a ambace shi da wasan nan a garin Manzo, kuma shekara sittin tana riƙe da amanar. Ta ce na tona abin da mai shi ya binne, don haka kada in sake taka ɗakinta. Yau kwana goma sha tara ke nan. Kullum bayan la'asar ina yin sallama a bakin ƙofa, tana jina ba ta amsawa. Likita kuma ya ce zuciyarta ta gaji ƙwarai.

Kawu, kai ne babban ɗanta, maganarka kaɗai take ji. Ina roƙonka ka kira ta kafin Juma'a ka nema mini gafara, kuma kada ka kare hujjojina ko da kalma ɗaya. Abin da ya ba ni ƙarfin roƙo shi ne, jiya Sundus ta ga ta naɗe hoton ta mayar da Baturiyar baya, ta bar shi kaɗai da rabin kofin, ta sa a jakar carbinta. Wai ta ce ba ta taɓa sanin yana dariya haka ba.

Ka gaida Inna Azumi, da Khalilu da Munirat. Sundus da Najiba suna gaisuwa.

Ɗanka mai jiran kiranka,
Mu'azzam