Yadda Kawu Garba Ya Sauka Daga Kan Motonsa

Madarumfa, unguwar bakin tabki.

Zuwa ga yayana Faruk, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙane yake yi wa wansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Rahama da yara, Ya tsare ku a ƙasar mutane, Ya sa albarka cikin nemanka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har tana lallaɓawa zuwa lambu ta duba albasa. Ruwan tabki ya fara ja baya, masunta suna samun abin da ya samu. Gidan Kawu ma suna nan cikin haƙuri, Gwaggo Delu saura mako uku ta fita takaba.

Yaya, wata uku ke nan da wani abu ba ka ɗauki wayata ba. Ban ga laifinka ba. Na san abin da ya iso kunnenka: an ce an gan ni ina taɓa moton Kawu, babur ɗin nan nasa, ana gobe za mu tashi tafiyar shekara, an ce birki ne ya ƙi a hanya ya faɗi, an ce mun binne shi a ƙauyen mutane cikin gaggawa don kada a ga raunin jikinsa. Saƙon da ka ba Inna ma ya same ni, cewa a sayar da moton, a rufe gareji, ni kuma kada in ƙara bin ƙungiyarmu ta masu moto. Na gwada yi maka bayani da saƙon murya sau da yawa, ina farawa sai in goge. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba wani direba ɗan Ɗan Isa da zai sauka wajenku. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe. Akwai ƙarya cikin abin da ka ji, akwai kuma laifina na gaske, wanda ba shi aka faɗa maka ba.

Tun cikin damina Kawu ya fara haki. Idan ya tsuguna gaban inji ya daɗe, sai ya dafa kafaɗata kafin ya miƙe. Wata Talata ya ce in raka shi Maraɗi sayen kayan moto, buji da sarƙa, muna shiga gari sai ya karkata wajen lokotoro. A gabana aka auna shi. Lokotoron ya ce zuciyarsa ta gaji ƙwarai, ya rubuta masa magani, ya hana shi ɗaukar nauyi, ya kuma ce doguwar tafiya a kan moto ta ƙare masa. Da muka fito, Kawu ya tsaya gindin wata bishiya ya ce mini wannan magana amana ce tsakanina da shi, kada Inna ta ji, kada Gwaggo ta ji, kada kai ma ka ji, don za ka bar aikinka ka taho. Ka san Kawu. Mutumin da ya ɗauke mu bayan rasuwar Baba, ya koya mana riƙe kayan gyara tun hannunmu bai kai ba. Ban iya ce masa a'a ba.

Da aka gama girbin gero, 'yan ƙungiya suka fara maganar tafiyar shekara kamar yadda aka saba. Tun da hanyoyin yamma suka ƙi daɗi, gabas muke yi, kuma bana Damagaram aka tsayar. Na zaci Kawu zai kawo wani uzuri ya zauna. Sai na ga ya kwance motonsa gaba ɗaya a kan tabarma, ya wanke karburato, ya juye baƙin mai, ya sa sabuwar sarƙa, ya bi wayoyin birki ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga musu mai. Tsohon moton nan da ka sani, wanda ya girme wa wasu 'yan ƙungiyar, ya koma yana ƙara kamar jiya aka kawo shi. Shekara ashirin da biyu yana jan wannan tafiya, bai taɓa fashi ba.

Ga gaskiyar taɓa moton. Ana gobe tashi, bayan la'asar, Kawu ya tafi gaisuwar wani maƙwabci. Na shiga gareji na zare bututun mai, na cusa ɗan tsumma a ciki na mayar. Dabarata ita ce da safe moton ya ƙi tashi, a yi ta nema har rana ta yi, sauran su tafi su bar mu. Ban taɓa birki ba, Allah shaidata ne. Wani ya hango ni ta ƙofa, daga nan maganar ta samo tushe. Da safe bayan sallah Kawu ya taka sau biyu, injin ya kama ya mutu. Bai sake takawa ba. Ya sunkuya ya saurara, ya kai hannu kai tsaye wurin bututun, ya zaro tsumman. Ya jawo ni gefe inda ba mai ji, ya buɗe tafin hannuna ya sa mini shi, ya ce, “Hamza, in hana ni kake so ka yi, buɗe baki ka faɗa gaban mutane. Ga su nan tsaye. Amma kada ka ƙara yi wa inji haka.” Yaya, ya ba ni dama. Mansur da Bashir da sauran 'yan ƙungiya suna nan, Gwaggo tana bakin zaure da kwanon fura. Kalma ɗaya ta isa. Na dubi fuskarsa, na ga yadda yake son tafiyar nan, na yi shiru. Wannan shi ne laifina, kuma shi nake kwana da shi nake tashi da shi.

Mu bakwai muka tashi, shi a gaba, ni a bayansa. Dokokinsa suna nan yadda ka bar su: ba a wuce jagora, ba a tafiya ba hular kwano, ana tsayawa lokaci lokaci a taɓa taya a duba sarƙa, kuma ba a wuce wanda moto ya mace masa a hanya ko da ba a san shi ba. Mun sha shayi a Agye. Yana ta raha, yana tsokanar Bashir cewa motonsa sabo ne amma tari yake kamar tsohon jaki. Kafin Gazawa muka tarar da wani bawan Allah da matarsa da buhun gyaɗa, sarƙarsu ta tsinke. Na ce zan yi, Kawu ya ce in miƙo masa kaya kawai. Ya haɗa ta da kansa, ya nuna wa mutumin inda ta ci, ya ce ya canza ta kafin kasuwa mai zuwa. Da zai miƙe na ga leɓensa ya yi fari. Na raɗa masa mu kwana Tasawa, ya ce sai mun gani. A Tasawa ya ci abinci kaɗan, ya sha maganinsa a ɓoye bayan rumfa, ya ce jikinsa ya warware, a hau.

Mun yi kamar kilomita talatin bayan Tasawa, rana ta kusa tsaka, sai na ga ya ɗaga hannun hagu, alamar tsayawa. Ya rage gudu a hankali, ya sauka daga kwalta, ya nufi wani babban gawo a bakin wata gona. Ya kashe injin, ya kafa moton a kan ƙafarsa, ya rufe makunnin mai kamar yadda yake yi kullum, ya cire hula ya rataye a madubi. Sannan ya taka zuwa inuwa ya zauna. Bai faɗi ba, Yaya. Ko ƙurjewa babu a jikinsa, babu a jikin moton. Ya nemi ruwa na ba shi, ya kurɓa kaɗan ya shafa sauran a fuska. Mansur ya juya da gudu zuwa neman majo, ma'aikacin jinya, a gidan likita mafi kusa. Kawu ya jingina da ni, ya ce in gaya wa Inna ta yafe masa, in gaya maka ya gode da rigar sanyin da ka aiko, ita ce ma a jikinsa. Daga nan bai ƙara maganar duniya ba. Ya yi kalmar shahada sau biyu a fili, ta uku leɓe kawai na gani. Kansa yana kan cinyata Allah Ya karɓi abinSa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutanen ƙauyen da ke kusa suka fito tun daga masu ɗaurin kara har mai gari da liman. Ba su san mu ba, ba mu san su ba. Majo ya iso ya duba shi ya ce zuciya ce. Jandarmomi suka zo daga baya, ɗayansu ya hau moton ya zagaya ya taka birki gaba da baya, ya rubuta abin da ya gani. Takardar tana wurin Inna, in ka zo ka karanta. Na kira gida. Inna da Gwaggo suka yi shawara da limamin unguwarmu, suka ce rana ta yi zafi, hanya da nisa, kada a wahalar da shi, a yi masa sutura inda Allah Ya kira shi. Mun nemi wayarka har sau biyar ba ta shiga, daga baya muka ji kana cikin tashar jiragen ruwa inda ba a barin waya. Mutanen nan su suka kawo likkafani, su suka haƙa kabari cikin maƙabartarsu, sahu huɗu suka yi masa salla. Da muka so yi musu ihsani mai gari ya ɓata rai, ya ce baƙon da ya mutu a gonarsu ɗan gari ne. Ni na hau moton Kawu muka juyo, nawa na bar shi can sai bayan sadakar bakwai Bashir ya je ya ɗauko.

Bayan sadakar arba'in na kasa riƙe abin. Na sami Gwaggo Delu a ɗakinta, na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga lokotoro har tsumma har shirun da na yi. Na shirya ta kore ni. Sai ta ce ta sani tun damina. Ta ga ƙwayoyin maganin cikin jakar kayan gyara ranar da take neman almakashi, ta kai wa wata ma'aikaciyar likita kwalin ta karanta mata. Ta ce shekara talatin da ɗaya tana jin numfashin mutumin nan, ba ta buƙatar a gaya mata ya canza. Ta ce da safen nan da take tsaye da fura, ita ma kalmar tana bakinta. Abin da ta faɗa daga nan na riƙe shi yadda ya fito: “Na duba na ga in na zaunar da shi, zan samu wata biyu ko uku ina kallonsa yana kallon hanya. Ban iya ba. In laifi ne, Hamza, mu biyu muka yi shi, ka bar ɗauka kai kaɗai.” Ban ce wannan ya wanke ni ba. Kai ba a ba ka zaɓin ba, mu muka zaɓar maka, kuma kana da haƙƙin ka yi fushi. Na je na faɗa wa Inna ita ma. Ta yi kuka, ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da baki, a rana ta uku ta aiko a kira ni in ci tuwo.

Yanzu ga abin da ya sa na matsa sai takardar nan ta same ka da wuri. Gwaggo ta ce idan ta fita takaba tana son a kai ta ƙauyen nan. Tana son ta ga gawon, ta yi masa addu'a daga inda ya dace, ta kuma gode wa matan garin da bakinta, don ta ji su suka ɗebo ruwan wankansa. Na ce za mu nemi mota. Ta ce a'a, a bayan motonsa take son zuwa, ta bi hanyar da ya bi, don duk shekarun nan labarin hanyar kawai take ji, bai taɓa ɗaukarta ta wuce Maraɗi ba. 'Yan ƙungiya sun ce dukansu za su raka ta, a hankali, kwana biyu, mu yada zango gidan 'yar'uwarmu Samira a Tasawa. Amma Inna ta ce ba inda za a je sai da yardarka, domin yanzu kai ne babba a gidan nan. Ni ma haka na gani. Shi ya sa ban sayar da moton ba, ban kuma hau shi ba tun ranar da na kawo shi. Yana cikin gareji a lulluɓe, ina tayar da shi duk Juma'a ya ɗan yi ƙara don kada injin ya kwanta. Garejin na buɗe shi rabin yini saboda mutanen da suka saba, idan ka ce a rufe bayan ka karanta wannan, zan rufe.

Abin da na fi so shi ne ka zo da kanka, kai ka ɗauki Gwaggo, ni in bi ku a baya. Ka fi ni hannu a kan moto, Kawu ma yana faɗa. In aiki bai bar ka ba, ko kuma har yanzu ba ka son jin muryata, ba sai ka kira ni ba. Ka kira Inna ka ce mata e ko a'a, abin da ka ce shi za a yi. Sai dai ka sani Gwaggo ba ta jira amsa ba wajen shiri: ta sa an kawo mata kifin tabki tana shanyawa a kan rufin ɗaki, ta ce shi za ta kai wa matan ƙauyen, don an gaya mata can ba su da ruwa kusa.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Gwaggo Delu tana gaishe ka da Yaya Rahama, ta ce a shafa mata kan Farida da Firdausi. Samira ta aiko da gaisuwa daga Tasawa. Mansur da Bashir da sauran 'yan ƙungiya suna yi maka ta'aziyya, sun ce ba su samu bakin yi maka ita ba tun lokacin. Ka gaishe mini da duk 'yan Maraɗi da ke wajenku. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya saka wa mutanen da suka suturta shi da alheri, mu kuma Ya sa mu cika da imani.

Ka yafe mini, Yaya.

Ni ne ƙanenka,
Hamza.