Gwaggo, an ɗauki hotonki ina tsaye

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga Gwaggona Hanne. Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Yau kwana arba'in da biyu ke nan da aka kai ki makwancinki. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma abin da ke cina ba ni da wadda zan faɗa wa sai ke. In waɗanda suka aikata sun karanta, su ma sun ji.

Tun kafin a haife ni kike wanke matan Dangora idan sun rasu, ba ki taɓa tambayar 'yar gidan wa ce ba. Shekarar da amai da gudawa ya shigo gari, kowa ya ja ƙofarsa, ke kika ɗaura zani kika bi gida-gida. Fulanin rugar bayan gari, in an yi musu rashin mace, ɗan acaɓa suke turo miki. Akwai wata baƙuwa mai zaman kanta da ta rasu a bayan tasha, mata suka ce su ba za su taɓa ta ba. Kika wanke ta da ganyen magarya da kafur, daidai yadda kika wanke mahaifiyar liman, kika ɗauko farin yadin da kika ajiye wa kanki aka yi mata likkafani.

Ranar da kika fara kirana in zuba miki ruwa, ina da 'ya'ya biyu a lokacin, amma duk da haka tsoro ya kama ni. Kika dube ni kika ce, "Rakiya, tsoron na mene ne? Wadda ke kwance ba ta cizo. Masu cizon suna can tsakar gida."

Shekara goma sha tara ina tsaye a gefenki. Ban taɓa ganin kin yaye zanin da ke kan mamaciya ba. Ta ƙarƙashinsa kike wanki, hannunki naɗe da ƙyalle, idonki a bango. In mun fito mata sukan matso da tambaya, wai da gaske ne cikin ya kumbura, da gaske ne mijin ya doke ta. Sai ki ce a miƙo miki buta, lokacin salla ya yi. Ko ni da muke shiga tare, ba ki taɓa tayar mini da zancen a hanya ba.

To Gwaggo, ga abin da aka yi miki.

Ranar da kika cika, ni na wanke ki. Matar ɗanki da ta zo daga Kano ta ce sai ta shiga, ai ita ma 'ya ce. Wata maƙwabciya ta bi bayanta, wai za ta riƙe mini zani. Na san ƙa'idarki, mutum biyu sun isa, amma na ji nauyi, na bar su suka shiga. Da na gama, na raba miki gashi gida uku na kitse shi, ina shirin rufe fuskarki, sai na ga matar ɗanki ta ɗaga waya tana ɗaukar ki hoto. Ta ce 'yan uwa na nesa za ta tura wa, su ga yadda fuskarki ta yi haske. Gwaggo, ina tsaye, ina kallo. Bakina ya ƙi buɗewa har ta mayar da wayar cikin jaka.

Kafin sadakar uku hoton ya zaga gari. An ƙawata shi da furanni, an ɗora masa waƙa. A motar Kiru na ga wata mata da ban sani ba tana nuna wa ta kusa da ita, suna ɓare gyaɗa, suna cewa tsohuwar nan ta rame ƙwarai kafin ta tafi.

Maƙwabciyar kuwa ta baje a tabarmar makoki, ana rabon waina, tana zayyana wa mata abin da doguwar jinya ta yi wa jikinki, gaɓa-gaɓa. Ba zan maimaita ko kalma ɗaya ba. Cikin masu sauraro akwai waɗanda ke kika wanke iyayensu mata, kika shiga kabari da sirrinsu. Suna girgiza kai, suna Allah sarki, suna kai hannu kwano. Na tashi na bar musu tabarmar.

Daga baya na yi wa matar ɗanki magana a gefe, a hankali. Ta yi dariya ta ce, "Yaya Rakiya, ke dai kin cika tsanani. Zamani ne, kowa haka yake yi. Ai addu'a ake samar mata." Ni dai a karatun da na yi, ban ga addu'ar da sai an tona mutum ake yi masa ba.

Amma ba su kaɗai nake ƙyama ba, kuma wannan shi ya fi yi mini wuyar rubutawa. Hoton ya shigo wayata ni ma. Na yi niyyar gogewa nan take, na kasa. Kullum bayan sallar asuba sai in buɗe in ƙura miki ido, ina gaya wa kaina kewa ce kawai. Ni da na fi kowa sanin ba ki ba wa kowa izinin wannan kallo ba.

Jiya liman ya sake aiko matarsa, karo na uku, cewa mata sun ce in karɓi aikinki. Sau biyu ina cewa ban isa ba, kuma gaskiya na faɗa. Wannan karon na ce na karɓa, amma da sharaɗi. Ni zan zaɓi mai zuba mini ruwa, waya ba za ta ƙetare bakin ƙofa ba, wadda kuma ta fitar da magana ba za ta ƙara shiga ba, ko 'yar wa ce. Matar liman ta ce za a ce na yi girman kai. Na ce a faɗa.

Bayan ta tafi na ɗauko wayar na goge hoton. Shi kaɗai nake da shi, domin duk tsawon ranki ba ki taɓa yarda an ɗauke ki ba. Na hannun mutane ba ni da iko da shi, sai dai in roƙi duk wanda ya karanta wannan, don girman Allah, ya goge nasa. Ki yafe mini, Gwaggona. Kin rufe matan gari guda, ni na kasa rufe ke kaɗai.

Allah ya suturta ki kamar yadda kika suturta bayinsa, ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya haɗa ki da salihan bayi. Ni kuma ya buɗe mini baki a inda shiru yake laifi. Amin.

'Yar ƙaninki,
Rakiya
Dangora