Zuwa ga Yaya Laminu, a kan Baba Garba na Jiratawa

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a Yamai. Ina ta kiran ka ba ka ɗauka, shi ya sa na rubuto a nan shafina na intanet, inda kowa zai gani.

Kai ka fara kai ni gidan kaso. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga, ka yi mini dariya, ka ce mutanen ciki ba dodanni ba ne, mutane ne da ba su da mai yi musu magana. Daga ranar na shiga ƙungiyarmu ta ba fursunoni shawarar shari'a kyauta. Ba mu zama aboka ba, wato lauyoyi, amma muna saurare, mu kai wa lauyan ƙungiya.

A can muka haɗu da Baba Garba, manomin rani daga Jiratawa. Wani Alhaji mai gona kusa da tashi ya ce shi ya ƙona masa injin ban ruwa. Damina ta zo ta wuce yana tsare, ba a ko kira shari'arsa ba.

Ni kunyata yake ji, kai ya saki wa jiki. "Ɗana" yake ce maka. Kai kaɗai ya faɗa wa cewa ranar da aka yi ɓarnar yana Tibiri wurin jana'iza, kuma akwai wani tela da suka tafi tare, suka dawo tare, ya yarda zai yi shaida. Ya roƙe ka kada sunan ya fita sai gaban alƙali, don telan a shagon haya yake a Sabon Gari, mai tsoro ne.

Ranar shari'a telan bai zo ba. Na bi shi har shago. Bai ɗaga kai daga kan keke ba, ya ce mini, "Yarinya, je ki tambayi wanki. Shi ya kawo yaran Alhaji nan." An yanke wa Baba Garba hukunci. Ba a daɗe ba ka samu aiki a ofishin Alhajin na Yamai.

Na ƙaryata telan, Yaya. Na yi masa rashin kunya a gaban mutane saboda kai. Sai da na ga motar Alhajin ta zo ɗaukar kayanka a unguwarmu ta Zariya na yarda da maganarsa.

Duk zuwan da zan yi, Baba Garba sai ya leƙa bayana ya ce, "Ina ɗan nawa?" Na daɗe ina cewa ka yi tafiya. Makon jiya na gaya masa gaskiya. Bai zage ka ba. Ya ce in bar shi ya koma ciki, ransa ba daɗi. Da ma zagin ya yi.

Mun ɗaukaka ƙara. Lauya ya ce kalmarka za ta iya buɗe masa ƙofa, in ka faɗi abin da ka yi.

Inna ba ta sani ba. Kullum tana share ɗakinka, tana sa maka albarka, ni kuma in ce amin, don ban iya ƙin cewa ba.

Allah ya fitar da Baba Garba da ransa da lafiyarsa. Allah ya ba ka ƙarfin zuciyar dawowa ka tsaya gaban alƙali, tun tsohon nan yana da sauran kwana.

Ƙanwarka, wadda har yanzu bakinta bai iya kiran sunanka gatsau ba,
Zalika