Inda Bidiyon Ya Ƙi Yankuwa

Yaya Modu,

Assalamu alaikum. Wushe, wushe! Ya aiki, ya zafin Jidda? Ya Anti Yagana da yara? Mu nan Abbaganaram lafiya lau, sai kewarku.

Albishirinka! Bidiyon bikin ƙanwarmu Bintu, wanda ba ka samu zuwa ba, ya haɗu. Guntu-guntu na ɗauka a wayata, kuma duk wanda ya gwada haɗawa sai fuskoki su fito dishi-dishi. To, na samo wata manhaja a kwamfuta da ke jona su yadda suke, ba ta sake sarrafa hoton. Kafin shayina ya huce ta gama, komai tar!

Aibinta ɗaya, ba ta yanka daidai inda kake so, sai a gaɓar da bidiyon ya yarda. Na so in cire hayaniyar rabon abinci, ta bar mini ɗan saura. Har na ja tsaki, sai na ji muryar marigayiya Kaka a wurin tana cewa, "Ku ajiye wa mijina Modu namansa, ko yana Jidda." Yaya, wallahi ban san ta faɗi haka ba! Na kira Mama, muka yi ta maimaitawa, ga dariya ga hawaye.

Zan turo maka shi a matsayin fayil don kada ya lalace a hanya. Ka sa Kaka a addu'a, ka roƙa mini sa'ar jarrabawa, ka gaida kowa. Wannan hayaniyar kuwa, ko ka ce in cire, ba zan cire ba.

Ƙanwarka,
Falmata