Hoton Jikar Inna Ya Tsaya a Goshi

Zuwa ga Malam Muhammad Sani, mai wannan fili.

Assalamu alaikum. Malam, don Allah ka taimake ni da shawara, domin abin ya kai ni ga fargabar wayewar garin Juma'a. Wasu za su karanta su ce ai matsalar na'ura ce kawai. Ni kuwa idon mahaifiyata ne a ciki.

Ni ma'aikaci ne a wani ofishi a Tsafe, iyalina suna Gusau. Na haura arba'in, karatuna bai wuce sakandare ba. Ƙanena Mas'udu yana karatu a Malesiya tare da matarsa. Bara da ya zo hutu ya kawo kwamfuta da wani ɗan akwati mai fitilu da ake kira modem, ya haɗa su da layin tarhon gidana, ya yi mana rajista da masu ba da intanet a Kaduna, tunda a nan babu. Shi ya saita komai da hannunsa. Da zai tafi ya ce mini ya sa akwatin a kan gudu mafi sauri, in bi abin da ya nuna mini kawai, kada in taɓa komai. Ban kuwa taɓa ba.

Wasiƙun rubutu suna zuwa lafiya, don ba su da nauyi. Damuwar ta fara ne da farkon daminar nan, da aka yi wa Mas'udu haihuwa. Mace ce, ya sa mata sunan Inna, suna kiranta Yelwa. Ya ɗora hotonta a wani shafi, ya aiko mini da yadda zan buɗe, ya kuma roƙe ni abu guda: Inna ce za ta fara ganin fuskar takwararta, kafin ni, kafin kowa. Na ce masa na ɗauka.

To, Inna tana Bungudu, ta ƙi dawowa wurina saboda awakinta da maƙwabtanta. Yanar ido ta fito mata, na hagu ya riga ya rufe, na dama ma yana raguwa. Ranar Juma'a nake tashi aiki da wuri, don haka ita ce ranar da take shiga mota ta zo. Bayan an sauko daga masallaci sai in ajiye mata kujera a gaban kwamfutar, in buga. Akwatin ya yi ta kukansa, ya haɗa, hoton ya fara sauka daga sama, siriri-siriri. Da farko rufin ɗaki. Sai fanka. Sai labule. Sai gefen kafaɗar uwar. Sai 'yar hular saƙa. Ana isowa goshi sai ka ji ƙit, layi ya yanke. In sake bugawa, ya koma rufin ɗaki.

Malam, na san fankar nan fiye da ta ɗakina. Makon jiya Inna ta matso har hancinta na kusan taɓa gilashi, da ya yanke ta juyo ta ce, "Wai ni hwanka niz zo gani ko jikata?" Matata Wasila ta fashe da dariya a bakin ƙofa, ni kuwa ji na yi kamar in nutse. Da za ta hau mota kuma ta ja hannun rigata ta tambaye ni a hankali ko yarinyar tana da wani lahani ne muke ɓoye mata. Na rantse mata babu, amma da me zan tabbatar, ni ma ban gani ba?

Ni mutum ne mai rubuta abin da ya faru da ni kowace rana tun ina ɗan makaranta, shi ya sa na shiga rubuta wannan ma: ko an yi ruwa, lambar da ta fito lokacin haɗuwa, da inda hoton ya tsaya. Na lura idan lambar ta nuna 33,600 ko kusa da haka, ba ya daɗewa. Ranar da ta faɗo ƙasa da kanta sai ya ɗan jure. Bayan ruwa kuwa ko tarhon ka ɗaga za ka ji yana shuu kamar ana suya. Amma ina tsoron gaskata kaina. Wataƙila ni ne nake ganin abin da nake son gani.

Abokina Isma'ila, mai shagon buga waya da fas, wato injin aika takarda ta layin waya, a Sabon Gari, ya ce in rage gudun, haka yake yi wa injinsa idan takarda ta ƙi wucewa. Ya ma zolaye ni wai na ɗaure dokin sukuwa a lungun da jaki ke tafiya da ƙyar. Na rubuta wa Mas'udu. Amsarsa gajera ce: akwatin sabo ne, rage gudu komawa baya ne, hoton ma zai fi daɗewa kafin ya sauka, in je in matsa wa ma'aikatan waya su gyara layi. Na je, sun ce za su zo. Wasila kuma cewa take in haƙura da abin gaba ɗaya, tunda duk Juma'a tarhon gidan ba ya shiga, 'yan uwanta har sun fara ƙorafi.

Na sha buɗe wurin da ake canza lambar, in zuba masa ido, in rufe. Idan na taɓa ya lalace, har wasiƙun ma suka daina zuwa fa? Wa zai gyara mini a Gusau? Da wane baki zan gaya wa yaron da na goya cewa na ɓata abin da ya tara kuɗin guzurinsa ya saya? Idan kuma na bari, idon Inna ba ya jirana. In rage ko in bari? Ko kuwa ni ne ban iya ba tun farko?

Naka,
Yayan Mai Nisa, Gusau.

*

Wa alaikumus salam, Yayan Mai Nisa.

Ka rage. Sauya lambar nan ba ya ƙona komai. Ka rubuta wadda ka tarar, idan ba ka ji daɗin sabuwar ba ka mayar da ita, shi ke nan.

Ga abin da ke faruwa. Akwatin naka da na Kaduna da sauti suke magana ta cikin waya. Ka tuna yadda ake magana a wurin injin niƙa: mai zuba zance da sauri sai an yi ta cewa ya maimaita, har a gaji a rabu, mai faɗa ɗaya-ɗaya kuwa ana jinsa. Gudu mai yawa yana buƙatar layi shiru. Idan ka rage, ka bar rata tsakanin muryar akwatin da shuu ɗin da kake ji, ƙaramar hayaniya ba za ta katse su ba. Abin da ka lura da shi daidai ne, ka daina zargin idonka.

Mas'udu ma bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Rage gudu yana ƙara tsawon jira, kuma kiran Kaduna ba kyauta ba ne, ga ɗaukewar wuta da ka iya riskarka a tsakiya. Saboda haka kada ka faɗa can ƙasa lokaci guda. Ka sauka mataki ɗaya ka gwada, idan ya yanke ka ƙara sauka, inda ya riƙe ka tsaya. A layi irin naka ba zan yi mamaki ba idan 14,400 ce ta zauna. Idan akwatin ya ƙi bin abin da ka zaɓa, ka kira masu ba ka intanet, akwai 'yan haruffan da ake rubuta wa kowane iri. Gaskiyarsa ce kuma a kan layin: ka duba wayar daga bango zuwa inda ta shigo gida, duk inda aka yi ƙulli aka naɗe da leda ruwa yana shiga, a sake shi. Ka cire tarhon daga layi lokacin da kake bugawa, kuma ka ci gaba da bin ma'aikatan. Ƙanenka ya saita abin ne da tunanin layin inda yake zaune. Da ya ce kada ka taɓa, kare ka yake yi daga ruɗewa, ba haramta maka ya yi ba. Ka rubuta masa abin da ka yi ba tare da neman gafara ba, ka kuma ce ya yanke hoton ya bar fuskar kaɗai, ya rage masa nauyi.

Amma babban kuskurenka ba a lamba yake ba. Kana sa tsohuwa ta baro Bungudu ta zauna tana kallon gwaji, a lokacin da layukan gari suka fi cunkoso. Hoto idan ya sauka ana adana shi a cikin kwamfuta, a buɗe shi ko babu waya. Ka buga da sassafe ranar Asabar ko Lahadi, kai kaɗai, Hajiya Wasila ma ta samu tarhonta ranar Juma'a. Alƙawarinka kuwa ba sai ya karye ba: ka manna takarda mai kauri a gilashin daga goshin zuwa ƙasa, ka bar gefe yadda za ka gane ya gama, ka adana shi ta kusurwar sama. Idan ma idonka ya faɗa kai bisa kuskure, ba ka ci amanar kowa ba. Abin da Mas'udu yake so shi ne farin cikin uwarsa.

Sannan maganar idon. Yanar ido aba ce da likitoci suke cirewa, mutane da yawa suna komawa gani. Kada ka jira hutun kowa, kai ne babba kuma kai ne a kusa. Ka kai ta asibitin ido a duba ta cikin watan nan, ko da za ta yi maka faɗa.

Idan hoton ya samu, ka je da kanka ka ɗauko ta. Ka saki labule ɗakin ya yi duhu, ka zaunar da ita ta ɓangaren idonta mai gani, ka bar ta ta ɗaga takardar da hannunta. Kai ka tsaya a bayan kujera.

Allah ya ba Inna lafiya, ya raya Yelwa, ya haɗa su ido da ido.

Muhammad Sani